Injiniya da Garin Kwali

Akwai wani mutum da ake kira Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, ba kuma gwamnati ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta maimaitawa har mutanen layin suka gaji suka bar masa. Iyakar abin da ya haɗa shi da lantarki shi ne, yana saurayi ya taɓa riƙe wa ma'aikatan wuta tsani, kafin ranar da ya saki tsanin don ya ba wani hannu alhali akwai mutum a sama. Tun daga nan yake yawo da abin gwada wuta a aljihun gaba, inda wasu ke maƙala alƙalami, kuma duk abin da aka nuna masa sai ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne." Dutsen gugar tela ƙaramin aiki ne, yanzu da shi ake tokare ƙofa. Injin mai aski ma ƙaramin aiki ne. Tun da ya gyara shi ya daina yanke gashi, sai dai ya tuge.

Surukinsa, uban matarsa, tsohon ma'aikacin reluwe ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsabta. Da aka rushe tashar jirgin ƙasan da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikinta, aka mai da wurin ma'ajiyar manyan motoci, sai ya koma gida. Ya shiga ɗakinsa na bakin titi, ya ɗora wani faffaɗan allon katako a kan tebur, ya fara sake gina ta da kwali da tsinken ashana da gam. Shekaru suka yi ta wucewa. Ga ofishin tikiti, ga rumfar fasinjoji, ga tankin ruwa, ga gidajen ma'aikata a jere, ga ɗan asibiti, ga itatuwa na soso da ya rina kore. Akwai wani benci mai gurguwar ƙafa da ke bakin ofis a wancan zamani. Shi ma ya yi shi, da gurguwar ƙafarsa.

Abu ɗaya ya rage, fitilu. Tsohon ya sayo ƙananan ƙwayayen lantarki, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya dasa su a ɗakuna da kan sandunan titi. Amma wayoyinsu sirara ne kamar gashin jariri, kuma gajeru, sai an ƙara musu tsawo kafin su kai ga batir a ƙarƙashin allo. Ya sayo ƙullin siririyar waya ta jan ƙarfe don haka. Sai dai ido ya yi rauni, hannu kuma ya fara rawa. Ga shi ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ta riga ta sa ranar da za ta karɓi wannan garin na kwali, ta ajiye shi a zaurenta har abada.

Injiniya ya daɗe yana kallon ɗakin nan na bakin titi. A ransa ya riga ya share shi, ya jera kanta, ya zauna a kan kujera mai juyawa yana korar masu kawo gyara saboda yawansu. Ya sa hularsa ta fita, ya je ya durƙusa.

"Baba, na ji an ce kana neman mai haɗa waya. Ina raye?"

"Shi ya sa nake nema a nesa," in ji tsohon.

"Haba Baba. Ni da na yi aiki da wayar da ta kai kaurin hannuna? Wannan ai ƙaramin aiki ne."

"Ƙarami ne ƙwarai. Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Auta, matar Injiniya, ita ta sa baki. Ta ce wa ubanta mutum ba ya gyaruwa in ba a ba shi dama ba, kuma ta gaji da ganinsa a tsakar gida yana kwance mata rediyo. Tsohon ya dubi hannuwansa da ke rawa a kan gwiwa.

"To. In garina ya haska ranar taron, ɗakin nan naka ne. In bai haska ba, kada ka sake yi mini maganarsa."

"Baba, ka fara neman inda za ka samo tabarau na rana. Hasken zai yi yawa."

Washegari ya iso da fulaya mai kama da ta cire ƙusar taya, da salatif, da wani tsohon tabarau na tela da ya aro. Tsohon ya fara cewa, "Ka lura, wayar nan tana da..." sai Injiniya ya ɗaga hannu.

"Baba, je ka huta. Likita ba ya aiki dangi na tsaye."

Tsohon ya fita ya zauna a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, ya juya wa ɗakin baya, kamar mai jiran a fito da sakamakon tiyata.

Tagar ɗakin tana kallon titi, kuma tela da mai aski ba su da wani aikin da ya fi wannan a ranar. Suka jingina da ita.

Injiniya ya kama wayar fitilar ofishin tikiti da fulaya, ta tsinke. Ya kama abin da ya rage, ya sake tsinkewa. Ya ajiye fulaya ya sa haƙori, kamar yadda ya saba feɗe babbar waya, sai ya ji wani abu ya wuce maƙogwaronsa.

"Ina wayar?" in ji tela.

"Tana wuri mai kyau."

"Ya haɗiye," mai aski ya ce. "Injiniya, in dare ya yi ka buɗe baki mu gani ko za ka haska."

Bai kula su ba. Ya miƙa jiki don ya kai ga gidajen ma'aikata, ya dafa wani abu mai taushi. Da ya ɗaga hannu sai ga rumfar fasinjoji ta zauna, fasinjojin tsinken ashana duk sun kwanta. Ya waiga wajen bishiya, ya ga tsohon bai juyo ba, ya ɗaga rumfar da sauri ya matsa mata gam. Gam ɗin ya kama rumfar, ya kama babban yatsansa, ya kama wani fasinja mai ɗauke da akwati. Har azahar fasinjan nan yana manne da shi.

"Ka yanka masa tikiti dai," in ji tela, "ya yi tafiya mai nisa."

Da wayoyin suka ƙi murɗuwa a yatsunsa, sai ya koma ƙulla su kamar zare. Ya ƙulla, ya naɗe da salatif, kowane ƙulli ya zama kamar kan ɗan yatsa mai ciwo. Ya gama jere ɗaya, ya kira kowa da kowa ya zo ya gani, ya ɗora bakin waya a kan ɗan batirin tocila. Shiru. Ya juya batirin. Shiru. Ya lasa da harshe, ya buga shi a tebur, ya hura masa iska.

"Kai, haske!" in ji mai aski, yana kare ido da hannu. "Rage mana, Injiniya, za ka makanta mu."

"Batirin jabu ne."

"Ai yanzu na cire shi daga tocilata tana ci," in ji Auta, wadda ta shigo da kwanon abinci.

"To kin gani. Kin riga kin shanye shi."

Abin da tsohon ya so ya faɗa masa, aka hana shi, shi ne cewa siririyar wayar nan ba tsirara take ba, ko da yake ido yana ganin jan ƙarfe. An shafe ta da wani siririn shafe mai sheƙi wanda ke hana wuta tsallakawa daga waya zuwa waya. Mai haɗa ta yakan kankare bakin kaɗan, daidai inda za a haɗa, ya bar sauran da rigarta. Injiniya ya yi kwanaki yana ƙulla riga da riga, yana zagin batir.

Sa'a ce ta gaji da shi. Wata rana da hantsi ya shiga ƙarƙashin tebur neman wata waya da ta ɓace, ya ƙyasta ashana don ya gani. Harshen wutar ya lashi wani ƙulli, ya yi ɗan hayaƙi mai wari. Ya murje baƙin da yatsa don kada tsohon ya gani, ya sake murɗe bakin biyu, gwiwar hannunsa ta ture batir ya taɓa ɗaya ƙarshen. Daga taga sai tela ya yi ihu.

"Tankin ruwa! Fitilar tankin ruwa ta kama!"

Injiniya ya tashi da sauri ya manta akwai tebur a kansa. Garin duka ya yi tsalle, ɗan jirgin kwalin ya sauka daga kan layin dogo. Ya fito yana dafe da ƙeya, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa wahayi.

"Na gano su," ya ce. "Na gano munafuncin masu kamfani. Sun shafe wayar da wani abu mai toshe wuta, don talaka ya yi ta sayen batir. Shekara nawa suna cutar duniya, sai da suka gamu da ni."

"Allah ya sa ba su ji labari ba," in ji mai aski, "kada su turo a sace ka."

Mutum mai hankali da ya kankare bakin kowace waya ya wuce. Injiniya ba ya yin abu rabi. In shafen nan maƙiyi ne a baki, to maƙiyi ne a ko'ina. Ya fito da ƙullin wayar titi, ya ɗaura bakinsa a ƙofar tela, ya ja har shagon mai aski, ya dawo, ya sake komawa, ya ɗauki samfefa ya bi ta yana gogewa taku bayan taku. Wayar ba ta ganuwa a rana. Mai sayar da burodi ya shigo layin a kan keke, hularsa ta tsaya a iska shi ya wuce. Wata mata mai ɗauke da tire ta tsaya cak tana salati, tana cewa wani abu ya riƙe mata ɗankunne. Kazar maƙwabta ta shiga ciki ta fito da ƙafa ɗaure, ta ja rabin aikin zuwa bayan gida, Injiniya na bin ta yana roƙonta da girman Allah.

Da yamma ta yi, wayar duka tana walƙiya, tsirara daga farko har ƙarshe. Ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya haɗa wa kowace fitila tata. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, kuma abin mamaki, kowace ta kama. Har tsohon ya taso daga ƙarƙashin bishiya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga tagar ofishinsa ta dā tana haske. Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa, ya koma.

Saura tsabta. Wayoyin suna reto a ƙarƙashin allo kamar gemun da ba a taje ba, kuma Injiniya ya san surukinsa ba ya son hargitsi. Ya kira matarsa.

"Zo ki yi musu kitso."

"Kitso? Wayar?"

"A manyan ƙasashe haka ake yi. Ki kama su duka, masu zuwa da masu dawowa, ki kitse su tamau."

"Ni dai ban taɓa jin an kai wa makitsiya wutar lantarki ba."

"Ke dai yi abin da kika iya, ki bar mini abin da na iya."

"Ai da haka za a yi, da ni kaɗai zan yi aiki a gidan nan," in ji Auta, amma ta zauna ta kitse su. Hannunta na da kyau. Wayoyi tsirara suka rungumi juna, suka zama igiya ɗaya mai kaurin ɗan yatsa, gwanin sha'awa.

Ya ɗora batirin tocila. Ko fitila ɗaya ba ta kama ba, batirin kuwa ya yi zafi har ya sake shi ya faɗi.

"Kin gani?" ya ce, yana yarfe hannu. "Ya yi zufa. Gari guda ake so ya ɗauka, shi kuwa ɗan tocila ne. Wannan aikin babban batir ne."

Ya je wajen mai tasi na ƙarshen layi ya aro batirin mota. Tela ya ce a gwada mana tun yanzu. Injiniya ya dube shi da tausayi.

"A ƙarar da wutar kafin manyan baƙi su gani? Kai in ka ɗinka wa ango riga, kai kake fara sawa?"

Ranar taro aka ɗauki garin a bayan a-kori-kura, tsohon na zaune kusa da shi yana tare iska da jikinsa. Zauren ya cika da tsofaffi masu sanduna, wasu sun sa tsofaffin hulunan aiki da suka yi musu yawa yanzu. Suka kewaye allon. Wani tsohon direban jirgi, mai kunne ɗaya da ke aiki, ya nuna wani ɗan gida da sanda ya ce a nan aka haifi 'yarsa ta fari. Wani ya ga bencin nan ya yi dariya har ya share hawaye. Tela da mai aski suna baya, sun rufe shagunansu musamman.

Shugaban ƙungiya ya ce a saki labule a kashe fitilun zaure. Injiniya ya nemi a ba shi minti ɗaya, ya ci kusan rabin sa'a. Ya yi bayanin munafuncin kamfanoni. Ya ce akwai wayoyin da ya haɗa waɗanda ido ba ya gani sai dai basira. Ya sanar cewa daga mako mai zuwa za a same shi a sabon ofishinsa na bakin titi, kuma tsofaffin reluwe za a yi musu ragi.

"Ya ce me?" in ji direban.

"Ya ce a kunna," wani ya faɗa masa da ƙarfi.

Injiniya ya durƙusa, ya maƙala igiyar a kan batirin mota. Tartsatsi ya tashi, ya ja da baya, ya miƙe ya buɗe hannuwa.

Fitilun ba su kama ba. Amma can ƙarƙashin allo kitson Auta ya fara ja, kamar ƙarfe a maƙera, kuma jan ya biyo ta ramukan da wayoyi suka shiga, ya cika ƙananan ɗakunan. Tagogi suka yi wani ja mai laushi. Sai zauren ya fashe da tafi.

"Kai! Kamar faɗuwar rana a tasha!"

"Haka take, wallahi, haka take da magariba!"

Injiniya bai san ya shirya wannan ba, amma ya rusuna. "Na so in ba ku mamaki ne," ya ce. "Farin haske kowa ma ya iya."

Sai wani siririn hayaƙi ya taso daga wajen da jirgi yake tsaye. Direban ya buga sanda a ƙasa don murna.

"Har da hayaƙi! Yaron nan ya san jirgi!"

"Shi ma da gangan ne," in ji Injiniya.

"To na asibitin fa?" mai aski ya tambaya daga baya. "Shi ma tafiya zai yi?"

Asibiti na hayaƙi. Ofishin tikiti na hayaƙi. Itatuwan soso suka fara lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya, suna wari. Rufin rumfar fasinjoji, inda gam ya fi yawa, ya yi fuu ya kama da harshen wuta sosai, fasinjojin tsinken ashana kuwa aka ga ashe wasunsu da kawunansu aka dasa su.

Injiniya ya faɗa ƙarƙashin tebur ya cafki igiyar da hannu, ya yi wata ƙara da ba a san namiji na da ita ba. Ya fito ya cire hula ya shiga yi wa garin fifita, wutar ta gode masa ta tsallaka gidajen ma'aikata. Ya fizgi labule don ya rufe, sandar labulen ta sauko a kan shugaban ƙungiya. Tsofaffi suka nufi ƙofa da iyakar saurin da gwiwa ta yarda, sanduna na sarƙewa. Mai tasi ya kutsa yana kiran batirinsa kamar ɗansa, ya fizge shi. Daga ƙarshe Auta ce ta ɗauko bokitin da ake wanke kofuna ta juye a kan tashar, da kofunan da komai.

Aka buɗe tagogi. Ruwa na ɗiga daga allon, baƙi ƙirin. Tankin ruwa kaɗai ya rage a tsaye, shi ma ya karkace.

"Kitson ne," in ji Injiniya, yana hura tafin hannunsa. "Na ce ta sassauta. Ta ja shi da yawa."

"Ni?" Auta ta ajiye bokiti. "Maimaita, don Allah, ina da sauran ruwa."

Bai maimaita ba.

Tsohon bai motsa daga kujerarsa ba tun farko. Ya tashi a hankali, ya zagaya allon, ya sa yatsa ya taɓa inda ofishinsa yake. Abokan aikinsa da suka dawo suka tsaya nesa, direban kuwa yana tambaya ko za a sake nuna wajen hayaƙin. Tsohon ya ce a taimaka a mayar masa da allon mota.

Aka sauke shi a ɗakin bakin titi, a kan teburinsa. Injiniya ya biyo baya da hannu naɗe da tsumma, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran murya.

"Baba, in an duba da adalci, ya haska. Kowa ya gani. Har tafi aka yi."

"An yi tafi," in ji tsohon.

"To maganar ɗakin..."

Tsohon ya ɗauko tsintsiya ya fara share tokar daga kan allon, a hankali, layi-layi. Ya jawo wani kwali daga bayan ƙofa, ya duba kaurinsa a hasken taga. Auta ta lura hannunsa bai cika rawa ba, kuma rabonta da ta ga fuskarsa a sake haka tun ranar da ƙungiya ta sa ranar karɓar garin.

"Kwanakin nan ina ta tunanin abin da zan riƙa yi da safe in sun ɗauke shi," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ka raba ni da wannan tunanin. Na farkon ya ci ni tun matarka tana firamare. Wannan zai fi daɗewa, ido ya tafi."

"Wato ɗakin..."

"Akwai mai shi."

Injiniya ya gyara tsumman hannunsa. Ya dubi kwalin, ya dubi almakashin da tsohon ya ɗauka. Sannan ya gyara tsayuwa.

"Shi ke nan, Baba. Amma in ka zo wajen fitilu, ka aiko a kira ni. Yanzu na san wayar nan ciki da waje."

Tsohon ya ajiye almakashi, ya tako har bakin ƙofa, ya sa tafin hannu a ƙirjin surukinsa ya tura shi baya taku ɗaya, cikin ladabi. Ya rufe ƙofar, ya sa sakata. Jim kaɗan aka ji ya rufe tagar ma.